Kwanton ɓauna: wa ya kwanta, ɓaunar ko maharbin?

Ɗan Jarida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malaman harshe da ke cikinmu. Yau mun yi ja-in-ja a wurin aiki kan kanun wani labari. 'Yan bindiga ne suka shiga wani sansani da tsakar dare, suka buɗe wuta kan mutane suna barci. Abokin aikina ya rubuta "an yi musu kwanton ɓauna". Na ce a'a, wannan farmaki ne. Ya ce ai duk ɗaya ne, tunda dai ba su zata ba. To shin duk harin da ya zo ba zato ba tsammani kwanton ɓauna ne? Ita kuma ɓaunar, me ya kawo ta cikin maganar yaƙi?

Auta: Wa alaikumus salam. Kafin manya su fara, don Allah mece ce bauna ɗin ma? Kullum ina jin ta a labarai.

Maman Khalil: Auta, ɓauna ce da ɓ mai lanƙwasa, ba bauna ba. Saniyar daji ce, baƙa, mai ƙaho. Kirarinta ma saniyar sake, don ba ta da makiyayi.

Tsohon Soja: Ɗan Jarida kai ke da gaskiya, abokin aikinka ya kauce. Bambancin a ƙafa yake: wa ya yi tattaki? Idan ni na tashi na je na same ka inda kake, na kai maka hari. Idan kuwa na riga ka zuwa hanyar da na san za ka bi, na ɓuya, na yi shiru har ka kawo kanka, wannan shi ne kwanton ɓauna. Mai barci a sansaninsa ba a yi masa kwanto, ai shi ne ma a kwance. Shi ya sa kusan kullum za ku ji ana haɗa kalmar da ayarin motoci ko 'yan sintiri, wato masu tafiya. Kuma wurin da ake zaɓa sananne ne ga duk wanda ya yi aikin: kwana, gada, mashigin ruwa, hawa, duk inda dole mota ta rage gudu kuma babu filin juyawa.

Sarkin Musu: Baba, da girmanka, amma harshe na masu shi ne. Idan Hausawan yau sun faɗaɗa ma'anar, wa zai hana su? Rediyo kullum haka take faɗa.

Tsohon Soja: Ɗana, rediyo ta faɗa, amma wanda ya san aikin idan ya ji sai ya fahimci wani abu dabam da abin da ya faru. In ka ce mini an yi wa soja kwanton ɓauna, tambayar farko da zan yi ita ce wa ya tsegunta hanyar da za su bi da lokacin. In ka ce an kai musu farmaki a sansani, tambayata ita ce ina masu gadi suke. Ka ga kalma ɗaya ta sauya wanda za a tuhuma.

Maman Khalil: Bari in sauƙaƙa wa Auta. Mai bin ka bashi, idan ya buga maka ƙofa da asuba kana cikin bargo, samame ya kawo maka. Idan kuma ya laɓe a lungun da kake zagayawa don gudun haɗuwa da shi, ka shawo kwana kuka yi kiciɓis, to kwanton ɓauna ya yi maka.

Auta: Hahaha Mama yanzu na gane sarai.

Malam Nahawu: Madalla da wannan tambaya. Bari mu fara da rabin farko na kalmar. Kwanto dangin kwanta ne, gidansu ɗaya da kwanciya, da kwanci irin na kaza a kan ƙwai, da kwantai na hajar da ta ƙi fita. Duk a cikinsu akwai zama wuri ɗaya ba motsi. Kwanto kuma kalma ce mai cin gashin kanta, ana iya cewa "sun yi musu kwanto" ba tare da an ambaci ɓauna ba, ma'anar ta fita. Don haka abin da Baba Tsohon Soja ya faɗa yana nan cikin jikin kalmar tun kafin a kai ga dabbar. Wanda ya taho a guje bisa babur ya afka wa gari, ta ina ya kwanta?

Sai wani abu da nake yawan gani, wasu na rubuta "kwantan ɓauna". Kunnensu bai yi ƙarya ba. A Hausa, wasalin o da na e idan aka rufe gaɓarsu da baƙi sukan gajarce su karkata zuwa a. Shi ya sa muke rubuta "karen gida" amma baki ya ce "karan gida", mu rubuta "ragon layya" baki ya ce "ragwan layya". Ƙa'idar rubutu ta ce a bar wasalin asali, saboda haka kwanton ne daidai a takarda.

Sarkin Musu: Allah ya gafarta Malam, to ni ga tawa. Wa ya ce ɓaunar ce ta kwanta? Ni a fahimtata maharbi ne ke kwanciya yana jiran ɓauna ta zo shan ruwa. Kamar yadda muke cewa kamun kifi, ai ba kifin ne ke kamu ba, shi ake kamawa. Farautar ɓauna ma ba ita ke farautar ba. Saboda haka kwanton ɓauna shi ne kwanton da ake yi wa ɓauna. Magana ta ƙare.

Ɗan Jarida: Kai, wannan fa ya taɓo wuri. Malam, a ba mu amsa.

Malam Nahawu: Sarkin Musu, yau musunka mai amfani ne. Gaskiya ne 'yar -n ɗin nan ta mallaka tana aiki ta fuska biyu. Harbin kunama, kunama ce ta yi harbin. Harbin tsuntsu, tsuntsu aka harba. Amma duba misalanka: kama da farauta aikatau ne masu son karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kana iya cewa na kama kifi, na farauci ɓauna. Kwanta kuwa ƙi-karɓau ce, ba wanda zai ce "na kwanta ɓauna". Idan Bahaushe yana son faɗin abin da kake nufi, cewa zai yi "ya yi wa ɓauna kwanto", ko ya ɗauko wata kalmar ya ce fakon ɓauna ko dakon ɓauna. Sa'annan dubi 'yan'uwan wannan salo: dirar mikiya, tafiyar hawainiya, kukan kurciya. A duk cikinsu dabbar ce ke aikin, mutum ya ara ya yafa.

Sarkin Musu: Ban sauka ba tukuna. Gudu ma ai ƙi-karɓau ce a wani wurin, amma in na ce "ya hau bishiya don gudun ɓauna" ba ɓaunar ke gudu ba. Zaman makoki fa? Makokin ne ya zauna?

Malam Nahawu: Wannan ka kawo hujja, na karɓa. Nahawu shi kaɗai ya rinjayar da maganar zuwa gefe ɗaya amma bai rufe ƙofa ba. Abin da zai rufe ta halin dabbar ne. Dokta yana nan kuwa?

Likitan Dabbobi: Ina nan Malam, ina ta karatu ina dariya. Sarkin Musu, ka tambayi kanka wannan: dabbobi nawa maharbi ke yi wa kwanto a bakin ruwa? Barewa, gada, gwanki, mugun dawa, kusan duk mai shan ruwa. In da maharbi ne mai kwanton, me ya sa ba a ce kwanton barewa ba, alhali an fi farautarta nesa ba kusa ba? Dole akwai abin da ɓauna ta keɓanta da shi, kuma akwai.

Ɓauna lafiyayya cikin garke ba ta cika neman mutum da faɗa ba, sau da yawa in ta ji ƙanshinsa garken gaba ɗaya yake kaucewa. Matsalar tana farawa ne idan an harbe ta ba ta mutu ba. Dabba ce mai taurin rai, manyan mazan da ke kudanci da gabashin Afirka sukan kai kilo 800, na yammacin Afirka ba su kai su girma ba amma halin ɗaya ne. Ga ƙahonin namiji sun haɗe a goshi sun zama kamar garkuwa. Idan ta ji rauni sai ta bar fili ta kutsa cikin duhuwa ko doguwar ciyawa. Maharbi kuma dole ya bi sawu da ɗigon jini, idonsa a ƙasa. Ita kuwa ba miƙewa take yi ta yi ta tafiya ba, takan karkata ta koma gefen sawun da ta bari, ta tsaya cik ko ta kwanta, fuskarta na kallon inda ta fito. Baƙa ce, inuwa ta rufe ta. Shi yana tsammanin tana can gaba, sai dai kawai ya ji ta a kansa daga 'yan taku kaɗan, inda ko ɗaga bindiga ba lallai ya samu yi ba, balle ɗana kibiya.

Wannan hali ba Hausawa kaɗai suka san shi ba. Maharban Turawa da suka yi farauta a Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu sun sa ta cikin manyan namun daji biyar mafi haɗarin farauta a ƙasa, tare da zaki da damisa da giwa da karkanda, kuma abin da suka fi tsoro a kanta shi ne daidai wannan bin sawun mai rauni.

Maman Khalil: Ikon Allah. Wato wanda ya fito farauta shi aka koma ana farauta.

Likitan Dabbobi: Haka ne Hajiya. Sai dai in ƙara wani abu don kada a kai ta inda ba ta kai ba. Maharba sukan ce ramuwar gayya take shiryawa, har da cewa tana gane wanda ya harbe ta. Mu a namu ɓangaren bayanin da ya fi sauƙi shi ne, dabba mai ciwo ba ta iya dogon gudu, sai ta nemi mafaka ta fuskanci inda haɗari zai ɓullo, in ya matso ta far masa. Ko da niyya ko ba niyya, ga wanda ke bin sawun sakamakon ɗaya ne. Wanda ke son ganin ta da idonsa, har yanzu akwai ta a Yankari, akwai ta kuma a gandun dajin W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa.

Sarkin Musu: To Dokta, na ji. Amma a rubuta cewa hujjar dabba ce ta kayar da ni, ba ta nahawu ba.

Malam Nahawu: An rubuta. Kuma in ba ka kyauta, maharbi ma bai tashi a tutar babu ba, yana da tasa kalmar. Shigar burtu tasa ce: ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya matso kusa da nama. Shi ya sa wanda ya ɓad da kama ya shiga cikin mutane ake cewa ya yi shigar burtu. Ka ga a nan ma tsuntsun ake kwaikwayo.

Tunda an zo kan ɓauna, ita kanta kalmar tana da tarihi mai daɗi. Wa ya san jam'inta?

Auta: Ɓaunoni?

Ɗan Nijar: Ɓaunaye nake ji.

Malam Nahawu: Ana jin irin waɗannan yanzu, amma tsohon jam'in shi ne ɓakane. To daga ina k ta fito? Amsar ita ce asalin tilon ɓakna ne. A tarihin Hausa, k ko g idan suka zo ƙarshen gaɓa sukan narke su koma u. Ɓakna ta zama ɓauna, amma a jam'i da yake wasali ya biyo bayan k ɗin, sai ta tsira. Irin wannan ne ya ba mu talauci daga talaka, ai da talakci za a ce. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, shi ya tsara bayanin waɗannan sauye-sauye a ƙarshen shekarun 1920, har yau kuma da sunansa ake kiran dokar a darussan tsarin sautin Hausa.

Ɗan Nijar: Malam, shi ne dalilin da mu muke cewa zamna da sabka da sabro, ku kuna cewa zauna da sauka da sauro?

Malam Nahawu: Shi ne, amma wani reshe na dokar. Narkewar b da m zuwa u a Hausar gabas ta tsaya, Hausar yamma ta riƙe tsohon furuci. Ta k da g kuwa ta game ko'ina, shi ya sa ku ma ɓauna kuke cewa.

Reshe na uku shi zai kai mu ga farmaki, wadda Ɗan Jarida ya ce ita ta dace da labarinsa. Baƙaƙe irin su t da d da ɗ idan suka zo ƙarshen gaɓa sukan koma r. Ɓata ta ba mu ɓarna. Faɗaka ta ba mu farka. Huɗu in aka ninka ta zama hurhuɗu. Haka "faɗa masa" in aka datse ta zama "far masa". Farmaki daga nan take, wato faɗa wa mutum gaba ɗaya, lokaci guda. Kalma ce mai gudu a jikinta, kishiyar kwanto.

Sarkin Musu: Far ma ki. Ashe tun asali mata ake kai wa.

Maman Khalil: To mamaki da aiki da doki ma namu ne ke nan. Sai ka sauka daga kan dokin ka miƙo linzami.

Malam Nahawu: Hajiya ta gama da kai. Kamannin sauti shi kaɗai ba ya zama hujjar asali.

Abu Sumayya: Salamu alaikum. Malam, a kan wannan gaɓa ta kamannin sauti nake son tambaya. Na daɗe ina ganin kamar hari daga Larabci take. Larabawa suna da kalmar "gara", mai farawa da harafin gainun, wadda ke nufin kai hari bisa dawaki. Daga tushenta ne aka samu "fal mugirati subhan" a aya ta 3 ta Suratul Adiyat, wato dawakin da ke kai hari da asuba. Ma'ana ta zo ɗaya, sauti ma ya yi kusa.

Malam Nahawu: Wa alaikumus salam Ustaz. Ma'anar kam ta yi kusa ƙwarai, amma sauti ya ƙi. Duba yadda Hausa ke karɓar gainun: gafara, gaibu, ganima, galibi, magariba, balaga. Ko'ina g take zama. Da mun aro waccan kalma da "gara" za mu ce, ba "hari" ba. Na biyu, hari tana da aikatau nata a gida, hara, wato nufar wuri kai tsaye, kamar a ce ya hari gabas. Daga nan aka sami mahari da mahara. Ganima dai ita ce muka aro, abin da ake samowa in harin ya yi kyau.

Abu Sumayya: Na gamsu, Allah ya ƙara ilimi. To bari in biya da abin da ke hannuna, don tarihin Musulunci ya raba waɗannan kalmomi sarai. A Hunaini, cikin Shawwal na shekara ta 8 bayan hijira, Musulmi sun fito su 12,000 bayan buɗe Makka. Hawazinawa ƙarƙashin Malik bin Auf suka riga su isa kwarin, suka ɓoye maharba a lunguna da matsatsun duwatsu. Da duku-duku rundunar na gangarawa sai ruwan kibau, sahu ya watse kafin daga baya a dawo a yi nasara. Alƙur'ani ya ambaci ranar a Suratut Tauba aya ta 25. Wannan kwanton ɓauna ne cikakke, Larabawa kuma "kamin" suke ce masa, daga aikatau mai nufin ɓuya.

Amma Uhudu, shekara ta 3, da Khalid bin Walid ya zagayo ta bayan tudun da maharba suka bari, ba kwanto ba ne. Dama ya gani ya shammace su. Na sha jin masu fassara suna cewa ya yi musu kwanton ɓauna, kuma bai kwanta ko'ina ba, a kan doki yake yana kallon fili.

Tsohon Soja: Ustaz ka burge ni. Haka abin yake a tarihin ko'ina. Harin da Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, da safiyar Lahadi, mutum sama da 2,400 suka mutu. Ba-zata ce ta ƙarshe, amma jiragen suna daure a tasharsu aka zo aka same su. Harin ba-zata ke nan. Haka wanda Masar da Siriya suka kai wa Isra'ila ranar 6 ga Oktoba 1973.

Kwanton ɓauna na gaske kuwa, wanda har yau ake koyarwa a makarantun soja, shi ne na Hannibal, jagoran yaƙin da ya kara da Rumawa, a bakin tafkin Trasimene a Italiya, shekara 217 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya bar Rumawa suna bin sa a baya suna ganin kamar gudu yake. Da dare ya jera mutanensa a kan tuddai, ya bar siririyar hanya tsakanin tudu da ruwa. Da safe ga hazo, rundunar Rum ta shiga a jere, aka rufe gaba da baya aka gangaro mata. An kashe kusan 15,000 har da jagoransu Flaminius. Ku lura, wanda ake bi shi ya juyo ya jira mai bin sa a kan sawunsa. In ba halin ɓauna ba mene ne wannan?

A gida ma muna da namu. Abagana, 31 ga Maris 1968, lokacin yaƙin basasa: sojojin Biyafara suka jira dogon ayarin motocin runduna ta biyu ta sojan Najeriya a hanyar Onica, aka sami tankar mai, wuta ta bi jerin motocin. Kwamandan rundunar a lokacin Murtala Muhammed ne. Shi kansa kuma ranar 13 ga Fabrairu 1976 a Legas, jiran motarsa aka yi a cunkoso a hanyarsa ta zuwa ofis. Allah ya jiƙansa.

Maman Khalil: Amin ya Allah.

Ɗan Nijar: Amin. Mu ma na Tongo Tongo, 4 ga Oktoba 2017, inda aka kashe sojojin Amurka 4 tare da namu, suna kan hanyar komawa ne bayan sun bar ƙauyen aka tare su. Jaridun Faransanci embuscade suka kira shi. Malaminmu ya taɓa gaya mana kalmar daga Italiyanci ta shigo, kuma a cikinta akwai bosco, wato daji.

Malam Nahawu: Haka ne, imboscata suke cewa. Ta Ingilishi ma, ambush, daga tsohon Faransanci ta zo, ma'anarta ta asali sanya mutane cikin kurmi. Su wurin ɓuyan suka kalla suka raɗa suna. Tamu ta fi tasu ɗaukar kaya, don ta haɗa da yadda aka jira da kuma irin wanda ya jira: wanda aka ɗauka ya riga ya gudu.

Ɗan Jarida: To samame fa? Ita ce ta fi rikita mu. Yau ka ji 'yan sanda sun kai samame, gobe ka ji 'yan bindiga sun kai samame.

Malam Nahawu: A asali duka biyun daidai ne. Samame shi ne a auka wa mutane a mazauninsu ba su shirya ba, galibi cikin dare ko da asuba, a kama na kamawa a kwashi na kwasa. Maharan da ma suna yin sa. Amma a Hausar jarida ta yau kalmar ta karkata zuwa hukuma, har in ka ce "an kai samame" mai sauraro zai ɗauka jami'ai ne suka je kama masu laifi. Saboda haka in ka ba 'yan bindiga ita, kamar ka ara musu riga ce. Ni da zan ba da shawara sai in ce a bar wa jami'ai samame, a ba wa mahara hari ko farmaki.

Auta: Ni na ɗauka daga samu take, wato an same su.

Malam Nahawu: Kunne yana son hakan, Auta, amma ka tuna da yawa suna cewa sumame, kuma ba mai cewa "sumu" a maimakon samu. Ka riƙe ta a matsayin hanyar tuna ma'ana kawai.

Tsohon Soja: Akwai kuma mamaya. Yanzu in an ce mamaya sai a tuna Rasha da Yukren, wato shiga ƙasar wani a zauna. Amma mu da muka taso, in aka ce "ya mamaye ni" ana nufin ya zo mini ban shirya ba. Har ruwan sama yana mamayar mutum.

Likitan Dabbobi: Baba, har yanzu muna faɗin haka. Ni dirar mikiya ce nake son a yi wa adalci. Tsuntsuwar daga can ƙololuwa take hango abu, ta sauko kansa kai tsaye. Don haka ta dace da wanda ya iso kwatsam daga nesa, kamar jami'an da suka diro wa ofis. Jiya na ga an rubuta wai an yi wa wani dirar mikiya bayan an kwana uku ana jiran sa a ƙofar gida. Mikiyar da ta kwana uku a ƙofar gida ai ta zama ɓauna.

Sarkin Musu: To sari-ka-noƙe fa, ba ita ce kwanton ɓauna ba?

Tsohon Soja: A'a. Sari-ka-noƙe salon yaƙi ne gaba ɗayansa, na wanda ba shi da ƙarfin tsayawa gaba da gaba. Ya sara ya janye, irin na maciji. Kwanton ɓauna dabara ɗaya ce daga cikin kayan aikinsa, kuma babbar runduna ma tana yin ta. Hasali ma soja na koyon yadda ake ɗana ta da yadda ake fita daga cikinta. Abin da ake koya mana shi ne, in kwanton na kusa ne ƙwarai, kada ka tsaya inda aka tsara maka mutuwa, ka juya ka far wa masu harbin. Kwanciya a wurin ita suke so.

Ɗan Jarida: Baba wannan sai mai ƙarfin zuciya. Malam, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan aka binne bam a hanya, mota ta taka, babu kowa a wurin, kwanton ɓauna ne?

Malam Nahawu: Ni tarko zan ce, ko a faɗi abin kai tsaye, sun taka nakiya. Kwanto yana bukatar mai rai da ya kwanta.

Tsohon Soja: Sai dai in bam ɗin ya tashi sa'annan aka buɗe wuta daga cikin daji, wanda shi aka fi yi yanzu. Nan kam an haɗa biyun, tarko a gaba, masu kwanto a gefe.

Sarkin Musu: To in mai tayar da bam ɗin yana laɓe da waya a hannu, shi kaɗai, bai harba ko harsashi ɗaya ba fa?

Maman Khalil: Kai dai Allah ya shirye ka. Malam kada ka amsa masa sai ya faɗi jam'in ɓauna ba tare da ya koma sama ya duba ba.

Sarkin Musu: Ɓakane. Malam, ina jira.